Yajin Yaya da Fatalwoyin Koriya

Tun da na dawo daga Faransa ƙawayena suka hana ni sakat. Kowace ta shigo shago, kafin ta taɓa jaka ko takalmi sai ta ce in ba ta labarin Paris. Wadda ta fi matsa mini ita ce Hajiya Ladi, don ita ce ta shiga kicin ɗina ta ga yaji a leda mai rubutun Faransanci a kan kanta, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya je Turai ya sayo yaji ya kawo Katsina ba sai ni. Na yi ta kauce wa maganar har na gaji. To ga labarin, amma ku sani tun yanzu, ban fito da kyau a cikinsa ba.

Sarin kaya ne ya kai ni. Dubai na saba zuwa, amma Alhaji Ma'azu, abokin mijin yayata tun suna yara a Maraɗi, ya daɗe yana cewa in zo in ga jakunkunan da ake sari a wajensu. Yana zaune da iyalinsa a Sevran, wani gari da ke gefen Paris. Yayata Rabi a Maraɗi ta yi aure, kuma 'yarta tilo, Balkisa, tana karatu a Lyon.

Lokacin da nake neman biza Yaya ta riga ta kwanta ciwo. Na je duba ta, na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ta sa an jera mata barkono da citta da masoro da kanumfari da ƙuli-ƙuli. Ba ta iya ɗaga taɓarya, maƙwabciya ce ke daka, amma awon duk da hannunta ta yi, tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara kaza. Duk danginmu sun san yajin Yaya Rabi, kuma ba wadda ta iya irinsa. Da aka gama ta cika gwangwanin madara, ta rufe, ta yago bakin tsohon zanenta ta ɗaure shi tam.

"Ki kai ma Balkisa," ta ce. "Yarinyar nan ba ta iya cin abincinsu. Kuma kar ki ba kowa, Binta, na san hannunki."

Kafin bizar ta fito Allah ya yi mata rasuwa. Ni na kira Balkisa na faɗa mata. Na zaci ihu zan ji. Sai kawai ta ce, "To, Inna. Allah shi jiƙan ta," ta kashe waya. Ba ta zo jana'iza ba, wannan kowa ya yi mata uzuri. Amma har aka yi sadakar arba'in ba a ga ƙeyarta ba. Mata suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, wai Turai ta busar mata da zuciya. Ni ban yi ƙasa-ƙasa ba, da ƙarfi na faɗa. Na hau jirgi da gwangwanin a jakar hannuna, bakina kuma cike da faɗan da zan yi mata.

Hanyar Katsina zuwa Abuja kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. A jirgi kuma ba abin da ya faru sai ciwon ƙafa. Da muka sauka, wata yarinya a bayan gilashi ta duba fasfo ɗina, ta dube ni, ta buga hatimi ba tare da ta tambaye ni gajiya ba. Na ɗauki akwatina ina murna na wuce lafiya, sai ga wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabansa kamar an aiko shi. Na ce masa tafi, bai tafi ba. Mai riƙe da shi ya nuna mini wani tebur.

A nan aka baje ni. Kilishin da na sayo wa gidan Alhaji Ma'azu, da dambun nama, duk ɗan kwastan ya sa safar hannu ya ɗauka da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara. Wai ba a shigo musu da nama. Ina ji ina gani tsarabata ta tafi. Sannan ya zaro gwangwanin daga jakar hannuna, ya yi ta fama da ƙullin Yaya, da ya gagare shi ya ɗauko almakashi. Na fizge abina na kwance da haƙori. Ya buɗe, ya kai hanci, ya shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa har abokan aikinsa na dariya. Ya miƙo mini yana share ido. Daga baya na yi ta ɗora wa mutumin nan laifi, wai da bai sa an kwance ƙullin ba da ban taɓa ba. Kaina kawai nake yaudara.

Hajiya Zuwaira, matar Alhaji, ita ta zo tarbata. Muka hau jirgin ƙasan da suke ce wa RER. Na shiga da sallamata yadda aka koya mini tun ina yarinya, tarago cike da mutane, ba wanda ya ɗaga kai sai wani tsoho mai hula da ya amsa a hankali kamar yana tsoron a kama shi. Wata mata na rungume da kare, wani ya soke dogon burodi a hammata ba ko leda. Zuwaira ta ce in daina kallon mutane, a nan kallo rashin kunya ne. Na ce to gaisuwa fa? Ta ce ita ma sai da dalili.

Gidansu can sama yake a wani dogon bene, cikin wasu benaye masu kama ɗaya. Da na ba su labarin kare, Zuwaira ta ce, "Duwan, 'yan kwastan ɗin nan, sun ci kilishinmu ke nan. Ba komi, Hajiya, kowa sai da suka yi mishi haka." Ta faɗa da zuciya ɗaya, amma ni abin ya tsaya mini. Mace kamata, daga gida, in sauka gidan mutane hannu na dukan cinya, yara sun zagaye akwati suna jira.

Aka kawo shinkafa da kaza. Kazar ƙatuwa ce, amma in ka tauna kamar auduga. Alhaji ya ci loma biyu ya yi ajiyar zuciya, ya ce rabonsa da yajin gida na kirki har ya manta. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce a raina cokali ɗaya ba zai rage komai ba, kuma wadda aka yi dominta ko hawaye ba ta yi ba. Na ɗauko gwangwanin.

Alhaji ya barbaɗa, ya kai baki, ya rufe ido. "Wanga ai irin na Hajiya Rabi ne, Allah shi jiƙan ta. Ashe kin gaji hannunta, Hajiya."

Wuri ne na in ce a'a, nata ne, saƙo ne aka ba ni. Sai na yi murmushi na ce, "Ana dai taɓawa."

Daga ranar gwangwanin ya koma kan teburin cin abinci. Labari ya zaga benen. Maƙwabciyarsu 'yar garin Tawa ta zo gaishe ni da ɗan kofi a ɓoye cikin mayafi. Wata 'yar Damagaram ta ce mai ciki gare ta a gida, ba ta sha'awar komai sai yajin da ta ji ana magana. Wa zai hana mai ciki? Kowace na zuba mata sai ta yi ta shi mini albarka tana yabon hannuna, ni kuwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wurin sarin yana Aubervilliers. Manyan rumbuna ne jere, yawancin masu su 'yan Sin, kuma ba ruwansu da doguwar gaisuwa: ka nuna, su rubuta, a ɗaure. Na so in yi ciniki irin namu, na ce wa wata mai rumbu ta duba girman Allah ta rage, Alhaji ya ƙi fassarawa, ya ce kar in ja masa. Amma abin da ya ba ni mamaki, a tsakanin kwalayen nan sai ka ji an ce "a gafara, Hajiya" da Hausa tsantsa, ka waiga ka ga mutumin Kamaru ko na Cadi yana tura kaya. Da rana akan sayo burodi da wani cuku mai wari, ni kuma in buɗe jakata in gyara nawa. Waɗanda ke kusa su miƙo nasu.

Ana gobe zan tafi Lyon Zuwaira ta kai ni wata unguwa a cikin Paris, La Goutte d'Or. Nan kam na ji kamar na dawo gida: masallatai, shagunan waya, mata da atamfa a ƙarƙashin rigar sanyi, masu gasa masara a bakin titi. Muka shiga wurin wata Bacadiya muka ci tuwo. Na zaro gwangwanin, na sa cokali, sai na ji ya daki ƙarfe. Na leƙa. Abin da ya rage da ƙyar ya rufe gindin gwangwanin.

Tuwon ya fita daga raina. Amma ko a lokacin ba tuba ce ta zo mini ba, dabara ce. Na ce wa Zuwaira ta jira ni, na shiga wani shagon kayan miya na sayi yaji a leda, launinsa kusan ɗaya da na Yaya. Na ce in na isa Lyon, Balkisa ta ba da baya, sai in juye in gauraya in ɗaure. Yarinyar da ta shekara da shekaru tana cin cuku, ina za ta gane?

Jirgin ƙasan Lyon gudu yake kamar ana korarsa, amma shayi ba ya ko motsi a kofi. Na samu kujera kusa da taga na baje, ashe kowace kujera da mai ita. Wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina da tikitinsa, bai ce in tashi ba, bai kuma tafi ba, yana ta "pardon, madame" har zufa ta karyo mini. Da a motar Jibiya ne da mun yi musu mun shirya. Nan kuwa ladabinsa ne ya kore ni.

Balkisa na jirana a tasha. Ta rame, tana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da ta yi mata yawa. Tana ganina ta durƙusa a tsakiyar mutane, ana ratsa ta hagu da dama.

"Sannu da zuwa, Inna. Kun sha hanya. Ina gajiya? Yaya muka ji da haƙuri?"

Na amsa a daƙile. Ɗakinta a ƙololuwar wani tsohon gida yake, matakala ta yi ta murɗawa har numfashina ya kusa ɗaukewa. Ɗakin bai kai sitona na shago ba, bangon kuma in maƙwabci ya yi tari sai ka ce a kunnenka ya yi. Ta bar mini gadon ta shimfiɗa bargo a ƙasa. Ta dafa taliya ta kawo, na lura ta ɗan kalli jakar hannuna ta kawar da kai. Ban kawo komai a raina ba.

Da muka ci na buɗe faɗan da na yi guzuri. Na ce uwarta ta mutu da sunanta a baki. Na ce mun zauna makoki mutane na tambayar ina 'yar, muna sunkuyar da kai. Na ce ko kare ya rasa uwa yakan yi kuka. Wannan maganar ta ƙarshe har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse. Balkisa kanta na ƙasa, tana murza bakin ɗankwalinta. Ɗakin kuma ya yi ƙanƙanta, ko'ina na juya tana ganina, ban samu damar haɗa yajina ba.

Washegari bayan azahar ta ce, "Inna, in ba ki gaji ba mu tai in gwada miki wani wuri."

Na ɗauka kasuwa ce. Muka tsallaka wata gada, muka shiga lunguna, sai ga mu a ƙofar wani ɗan gidan sinima. Raina ya ƙara ɓaci: ana cikin alhini a gida, ita sinima take zuwa. Matar da ke sayar da tikiti ta gaishe ta da sunanta, ta turo tikiti biyu da ɗan ƙunshin takardar share hanci. Na zaci haka suke ba kowa.

Fim ɗin na Koriya ne. Ku kun san mu da fina-finan Koriya, waɗanda ake fassarawa da Hausa, na 'yan sarki da masu dogon gashi. Wannan ba irinsu ba ne. Ana magana da Koriyanci, ana rubutu da Faransanci a ƙasa, Balkisa na raɗa mini ma'ana a kunne.

Wata yarinya ce uwarta ta mutu ta bar mata tulu a kan rufin bene, cike da kabejin nan nasu da suke jiƙawa da barkono. Shi ne abu na ƙarshe da uwar ta haɗa da hannunta. Duk lokacin da yarinyar ta ɗaga murfin tulun, sai matattu su yi ta fitowa daga ciki. Tsofaffin mata cikin fararen kaya, wani mai gadi riƙe da kansa a hammata kan yana rera waƙa, yara masu tafiya a kan igiyar shanya da ƙafa a sama. Kifaye na iyo a iska tsakanin benaye. Su jeru su yi ta waƙa da rawa, can nesa kuma wata motar safa na tsaye a kan ruwan teku, fitilunta a kunne, tana jiransu. Uwar ita ce takan fito ƙarshe, kullum ta ba da baya, tana wanke ganye. Yarinyar ba ta taɓa ci. Takan kalli bayan uwarta ta mayar da murfi, don ta san ranar da tulun ya ƙare, duk za su hau motar nan su tafi.

Da fatalwar farko ta leƙo na yi a'uziyya da ƙarfi. Da mai kai a hammata ya fara waƙa kuwa dariya ta ƙwace mini. Mu a gida ai da baki ake kallo. Ana faɗa wa jaruma ta waiga, ana tsine wa mugu, ana tafawa. Na ci gaba da abin da na saba. "Ji wannan, ko mutuwa ba ta hana shi rawa ba." "Ke tsohuwa, gyara zanenki." Ɗakin tsit kamar ana jarrabawa, sai muryata. Aka fara "shhh" daga baya. Wata tsohuwar Baturiya da ke gabanmu ta waigo ta ce, "Madame, s'il vous plaît." Na ce wa Balkisa mutanen nan ba su san daɗin kallo ba. Idonta na kan allo. Ta ma daina fassara mini, na dai ga leɓenta na bin waƙar, ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ta haddace waƙar Koriyanci ba.

Can wajen ƙarshe kiɗa ya tsaya, fatalwoyin suka yi cirko-cirko. Uwar ta juyo a karo na farko. Ta sa hannu a tulun ta ciro ganye ɗaya, ta naɗe shi, ta kai bakin 'yarta tana wata waƙa a hankali, irin ta lallashin yaro. Yarinyar ta datse baki tana girgiza kai. Abin ya ba ni haushi, na ɗaga murya na ce, "Ke ci abinki mana, uwarki ce ta yi miki."

Na juya in ga ko Balkisa ta yi dariya. Hasken allon na kan fuskarta, ta jiƙe sharkaf. Ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta cije don kar sauti ya fito, kafaɗunta na rawa. Takardar share hancin ta ƙare a hannunta.

Jakata na kan cinyata. Ta cikin fatar ina jin gwangwanin, ina jin ledar kusa da shi. Maganar da na faɗa wa yarinyar fim ta dawo mini a kunne da muryata. Ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba sosai. Na dai ga yarinyar ta buɗe baki, na ga motar ta tashi a kan ruwa. Da aka kunna fitila na kasa ɗaga kai. Tsohuwar da ta tsawata mini ta tsaya ta dafa kafaɗar Balkisa, ni ko kallona ba ta yi ba.

Muka zauna a wani benci a bakin kogi. Ita ta fara magana, muryarta a dishe.

"Mamma ta hana ni zuwa, Inna. Takardun zamana na hannun hukuma, ana sabuntawa. In na hita ba ni iya komowa, karatun ya tashi ke nan. Ta sa na yi mata alkawali ko mi ya faru in zamna."

"Ba ki faɗa ma kowa ba."

"Wa ya tambaye ni?" Ta share hanci. "Ranar da kika kira, washegari na tai lakkwal, na zamna aji ana karatu. Ba tabarma, ba mai shigowa shi ce ya haƙuri, sai waya. In na yi kuka a ɗaki maƙwabci na ji. Sau ɗaya na yi, ya ƙwanƙwasa ya ce ko shi kira likita. Nan kuwa duhu ne, kowa na iya kukanshi, ba mai tambaya. Tun da suka hwara gwada fim ɗin nan nike zuwa."

Na mayar da idona kan kogin. Jiragen ruwa na ta wucewa. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Maganarmu ta ƙarshe ta ce ta daka mini yaji, Innata za ta zo da shi. Na ga ba ki ce komi ba, na ce ƙila duwan sun amshe. Sun saba. Ba komi, Inna."

Kun ji fa. Ita da kanta ta buɗe mini ƙofa. In ce eh, kare ya shinshino, magana ta mutu. Ko in ce yana cikin akwati, in samu lungu in gauraya. Wallahi duka biyun sun zo mini, kuma na ɗan jima ina juya su, wannan ma wata kunyar ce. Amma fuskar nan da na gani a cikin duhu ta hana ni. Na buɗe jaka na ɗauko gwangwanin na ɗora mata a cinya.

Ta shafa ƙyallen, ta gane zanen. Ta ɗaga gwangwanin, ta ji ba nauyi. Na faɗa mata komai, tun daga kazar Sevran har mai ciki, har ledar da ke cikin jakata da abin da na yi niyyar yi da ita. Ta buɗe, ta kai hanci, ta daɗe a haka ido a rufe.

"Sun ce ya yi daɗi?"

"Sun ce."

"Kin ce musu nata ne?"

"Ban ce ba. Na bari sun ɗauka ni na yi."

A nan ne ta kalle ni, kallo ɗaya, ta mayar da kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta yafe mini, ni da na haife ta a girme, a bakin kogin mutane. Ta ce Allah shi yafe mana baki ɗaya, amma tana roƙon abu guda: in kira Sevran in faɗa musu yajin wa suka ci, don su yi wa mai shi addu'a. Na kira a gabanta. Zuwaira ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Haba, Hajiya." Ba ta ƙara komai ba, kuma bai kamata ta ƙara ba.

Da muka koma ɗaki Balkisa ta dafa farar shinkafa ta zuba mai. Ta raba faranti biyu. Ta kifa gwangwanin a tafin hannunta, ta bubbuga gindinsa har ƙurar ƙarshe ta fito, ta barbaɗa rabi a nata, rabi a nawa. Na janye farantin na ce ni na ci rabona har da na wasu.

"Ke kika ce a ci, Inna," ta ce. "Duk sinima sun ji ki."

Ta kai lomar farko, ta tauna a hankali, ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Kullum haka take." Sai kukan ya zo mata, da sauti wannan karon, ba ɗankwali a baki. Na jawo ta jikina muka yi tare. Maƙwabcin ya ƙwanƙwasa, ba wadda ta tashi. Wannan shi ne zaman makokin da Balkisa ta samu, mutum biyu a ƙasan ɗaki, ɗaya daga ciki kuma ita ce ta cinye mata gadonta.

Sauran tafiyar ba wani abin faɗa. Kaya sun iso lafiya, kun ma saye rabinsu. Ranar da zan bar Lyon na zaro ledar yajin nan a ɓoye na ajiye mata a bayan tukunya, na ce ko ba komai za ta gyara taliya. Gwangwanin na kan tagarta, ta wanke shi, ta mayar masa da ƙyallen ta ɗaure irin ƙullin uwarta. Ta raka ni tasha, ta durƙusa ta ce a gaida gida. Har na sa ƙafa a jirgi ta buɗe jakata ta tura wani abu a ciki ta ja zif.

"Ki tai da shi, Inna," ta ce. "Ni na ci nawa."

To Ladi, shi ne yajin da kika gani a kan kanta. Na kasa ci, na kasa bayarwa, na kasa zubarwa. In kin sake shiga kicin ɗin, ki bar shi inda yake.